Yadda ake sa ido a kan saba da karanta log, ba kashe-kunna kawai ba

Duk wanda aka damƙa ma saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin yanar gizo ko bayanan ofis sauran na'urori na ɗauka daga gare ta, a ƙasar nan abin da ya fara iyawa shi ne kashe-kunna. Abu ya tsaya, a danna ristat, ya dawo, kowa ya ce alhamdulillahi a watse. Ni ma haka na fara a wani ofis can wajen Ƙofar Ƙaura, wata uku ina ta wannan wasan har ranar da maigidan wurin ya tare ni a bakin ƙofa ya ce "Malam, wai jiya me ya same ta?" na tsaya ina sosa ƙeya don wallahi ban sani ba. Alhali ita sabar ta rubuta komai da ya same ta, da lokacin da abin ya faru har da daƙiƙa, ni ne dai ban san inda ake dubawa ba. Wannan rubutun da take yi ma kanta shi ake ce ma log, kuma shi zan fi zama a kai. Misalaina duk na Ubuntu ne, wani nau'in Linux, don ita na fi riƙewa, amma zan taɓo Windows daga baya.

Kayan da za ka tanada

Kwamfutarka ta hannu da hanyar shiga sabar ta SSH, wato shiga daga nesa kana rubuta mata umarni. In Windows gare ka PuTTY ta isa, ko ka buɗe PowerShell ka rubuta ssh kai tsaye. A waya ka sa Termius, don ranar da abu zai lalace ba lallai kana ofis ba, ƙila kana wurin ɗaurin aure a Daura. Kana buƙatar asusun da ke da izinin sudo, wato izinin ba da umarni a matsayin mai cikakken iko, adireshin IP na sabar, UPS ko da ƙarama ce, da diski na waje ko wata kwamfuta daban da za a riƙa zuba ma kwafin ajiya. Sai littafi da biro, ba da wasa nake ba, ɗan littafin makaranta mai ganye arba'in, duk abin da ka canza ka rubuta da kwanan wata. In ba a ba ka sabar gaske ba tukuna ko kana tsoron taɓa ta, sauke VirtualBox, manhajar da ke ba ka kwamfutar gwaji a cikin taka, ka girka Ubuntu Server 22.04 ko 24.04 a ciki ka yi ta ɓarnarka a can, ba mai yi maka faɗa.

1. Gyara agogo tukuna

Mutane na raina wannan amma log ɗin da agogonshi bai daidai ba ɓata maka lokaci kawai zai yi. Rubuta `timedatectl` ka gani. Yawancin saba, musamman wadda aka yi haya a waje, tana zuwa a kan UTC, mu kuma Najeriya muna gaba da UTC da awa ɗaya. To sai sakatare ya ce maka abu ya tsaya ƙarfe biyu da kwata kai kuma ka je kana tonon biyu da kwata a log ba ka ga komai ba, ashe abin yana ɗaya da kwata. Gyara shi ne:

`sudo timedatectl set-timezone Africa/Lagos`

Ka kuma duba layin `System clock synchronized` ya nuna yes. In sabar ba ta da intanet sam, kamar na wasu cibiyoyin jarabawa, kuma duk sanda aka ɗauke wuta agogon ya koma wata shekara can baya, to ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke kan allon cikinta ne ya mutu, CR2032, masu gyaran agogo a kasuwa suna da shi.

2. San lafiyarta tun tana lafiya

Ba za ka gane saba ba ta da lafiya ba in ba ka san yadda take ranar da take garau ba. Don haka satin farko kullum da safe kafin ka sha koko ka buga waɗannan ka rubuta abin da ka gani a littafin nan.

`uptime` zai faɗa maka kwana nawa ta yi a kunne, sai lambobi uku a ƙarshe, nauyin da ke kanta ke nan a minti 1, minti 5 da minti 15 da suka wuce. Lambar ita kaɗai ba ta da ma'ana sai ka buga `nproc` ka ga ƙwayoyin furosesa nawa gare ta. In 4 ne kuma nauyin yana 1 ko 2, hutawa take. In ya zauna a 8 ko 10 ya ƙi sauka to layi ya yi tsawo kamar gidan mai ranar wahalar fetur.

`free -h` na RAM ne, kuma nan ne sabon shiga ke firgita don zai ga wurin free saura kaɗan. Kar ka damu da shi, Linux na aro RAM ɗin da ba a amfani da shi ta ajiye fayiloli don sauri, da an buƙata za ta saki. Wurin available shi za ka kalla.

`df -h` na diski. Ni da na ga ya haura kashi 80 nake fara bincike, ba na jiran 95. Ka haɗa da `df -i` don akwai lokacin da fili yana nan amma ƙananan fayiloli sun yi yawa har lambobin da ake ba fayil sun ƙare, sai ta riƙa ce maka `No space left on device` kai kuma kana ganin rabin diskin wayam, kai ya ɗaure.

Sai `systemctl --failed` ya nuna maka sabis ɗin da suka faɗi, wato manhajojin da ke aiki a bayan fage, da `htop` in kana son ganin wa ke cin furosesa yanzu-yanzu. In babu htop kuma babu data, `top` na nan a kowace Linux.

3. Inda log yake da yadda ake karanta shi

Wuri biyu ne. Akwai fayilolin da ke cikin `/var/log`, akwai kuma rajistar systemd, manhajar da ke tada sabis tana kula da su, da ake karantawa da `journalctl`. A Ubuntu babban fayil shi ne `/var/log/syslog`, na shige da fice kuma `/var/log/auth.log`. In Rocky ko AlmaLinux aka ba ka sunayen su ne `/var/log/messages` da `/var/log/secure`. In Debian 12 ce ka duba ba ka ga syslog ba kar ka ce an sace, ba ta zuwa da shi ne, journalctl za ka yi amfani da shi.

Babban kuskure shi ne ka buɗe fayil ɗin gaba ɗaya ka fara karantawa daga sama, layi dubu ɗari, ido ya yi ja ba ka samu komai ba. Log tambaya ake yi mashi. Tambaya ta farko, yaushe abin ya faru? Ka matsa ma wanda ya kawo ƙara ya ba ka lokaci ko da "bayan an sauko daga Azahar" ne, ya isa. Sai ka yanko wurin:

`journalctl --since "2025-03-10 14:00" --until "2025-03-10 14:40"`

Tambaya ta biyu, wane sabis? `journalctl -u nginx` ko `-u mysql` ko `-u ssh`. Ta uku, me ya fi muni? Saƙonnin log hawa takwas ne daga 0 zuwa 7, 0 shi ne tashin hankali 7 kuma surutu ne na masu gyaran manhaja. `journalctl -p err -b` zai kawo maka daga hawa na 3 zuwa 0 tun daga kunnawar ƙarshe, sauran hayaniyar ya bar ta.

Abin da na fi so ka riƙe a nan, kar ka tsaya a jan layin ƙarshe. Layin ƙarshe yawanci kukan wanda aka taka ne, wanda ya yi takun yana can sama. Misali shafin makaranta ya ƙi buɗewa, nginx mai miƙa shafin na ta ihun kuskure mai lamba 502, ka haura sama ka ga MySQL mai ajiye bayanan ta mutu, ka ƙara haurawa minti biyu ka ci karo da `Out of memory: Killed process`, wato RAM ne ya ƙare Linux ta zaɓi mai ƙiba ta yanka don ta tsira. Da ka yi ristat shafin zai dawo kam, gobe warhaka kuma a sake. Don neman irin wannan: `journalctl -k | grep -i "out of memory"`.

In kuma abin yana faruwa yanzu a gabanka, buɗe `journalctl -f` ko `tail -f /var/log/nginx/error.log` ka ce ma mutumin ya sake danna abin da ya danna, ka ga layin na faɗowa da idonka. Wannan dabarar ta fi kowace saurin kama ɓarawo.

Gargaɗi ɗaya: buga `journalctl --list-boots`. In layi ɗaya kawai ka gani alhali an sha kashe ta, to rajistar na gogewa duk sanda aka yi ristat, wato kai da hannunka kake share sawun. Buɗe `/etc/systemd/journald.conf` ka sa `Storage=persistent` sannan `sudo systemctl restart systemd-journald`. Daga nan `journalctl -b -1` zai riƙa nuna maka abin da ya faru kafin mutuwar ƙarshe.

4. Wuta, zafi da ƙura

Littattafan da aka rubuta a Turai ba su cika damuwa da wannan ba amma mu nan rabin matsalarmu ke nan. Buga `last -x | head -20`. In ka ga reboot kuma akwai shutdown kafin shi, mutum ne ya kashe ta da ladabi. In reboot ne tsirara ba shutdown, kuma `journalctl -b -1 -e` ya nuna log ya yanke a tsakiyar magana, to wuta ce ta tafi ko wani ya zare waya. Na taɓa samun wadda kullum take mutuwa wajen bakwai da rabi na safe, ashe yaron da ke shara ne ke zare ta ya sa cajin wayarshi, lokacin da ke cikin log ne ya tona.

UPS ba don ta riƙe saba awa uku ba ne, don ta ba ta minti biyar ta kashe kanta cikin mutunci ne ko a samu a tada inji. In UPS ɗin na da kafar USB ka haɗa ta da sabar ka girka NUT, ko apcupsd in APC ce, su za su ba ta umarnin kashewa da batir ya yi ƙasa. In babu wannan, aƙalla a sa ta kan layin inbata ita kaɗai ba tare da firij ɗin oga ba.

Zafi kuma, daga Maris zuwa Mayu ka san yadda Katsina take, ɗakin da ba iska ya zama tanda. `sudo apt install lm-sensors` sai ka buga `sensors` da rana tsaka ka gwada da na safe. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe fanka, na buɗe wata a watan Janairu na tarar da ƙura ta yi kamar bargo a bakin fankar, ga kuma gidan zanzaro a lungu. A kashe, a fitar waje, a busa da abin hura iska, kar a sa tsumma mai ruwa. Shi ma diski ana tambayarshi lafiya: girka smartmontools ka buga `sudo smartctl -a /dev/sda`, ka duba `Reallocated_Sector_Ct` da `Current_Pending_Sector`, in lambar na hawa daga sati zuwa sati to fara neman kuɗin sabo tun bai mutu da kayan mutane ba.

5. Kar log ɗin kanshi ya cinye diskin

Wannan ita ce ta fi ba ni kunya. Wata manhaja da wani ya rubuta mana tana zuba kuskure ɗaya sau ba adadi a fayil guda, ba wanda ya lura har diski ya cika fal ana tsakar shigar da sakamakon ɗalibai. Na gano fayil ɗin, na yi `rm` ina jin kaina gwani, na buga `df -h`, yana nan a kashi 100 ko gezau. Ashe in manhaja na riƙe da fayil a buɗe, ko ka goge sunanshi filin ba ya dawowa sai ta saki. `sudo lsof +L1` ke nuna irin waɗannan fatalwar fayilolin, maganin kuma a sake tada sabis ɗin da ke riƙe da shi. Hanyar da ta dace tun farko ita ce a zubar da cikin a bar kwanon:

`sudo truncate -s 0 /var/log/sunan-fayil.log`

amma ka kwashi layi ɗari biyu na ƙarshe da `tail -200` ka ajiye gefe tukuna, don in ka zubar duka ka zubar da dalilin. Don gano mai cin fili: `sudo du -xh / --max-depth=2 | sort -h | tail -20`, ko ka girka ncdu ya fi daɗin bi.

Maganin dindindin kuma logrotate ne, manhajar da ke naɗe tsohon log tana zubar da wanda ya daɗe. Manhajojin da ka girka ta apt yawanci suna zuwa da nasu tsarin a `/etc/logrotate.d`, wadda aka rubuta a gida ce ba ta da shi, sai ka yi mata fayil a can ka sa hanyar log ɗin da weekly, rotate 4, compress, missingok, da copytruncate, ma'ana duk sati a naɗe, a ajiye huɗu, a matse. Gwada da `sudo logrotate -d /etc/logrotate.conf`, wannan nunawa kawai yake ba ya taɓa komai. Ita rajistar systemd ba ta wuce kashi 10 na diski ko 4G, wanda ya fi ƙanƙanta, amma in diskinka ƙarami ne `sudo journalctl --vacuum-size=500M` zai rage.

6. Masu ƙwanƙwasa ƙofa da dare

In sabarka na kan intanet buga wannan ka sha mamaki:

`sudo grep "Failed password" /var/log/auth.log | tail -30`

Za ka ga ana ta gwada root da admin da test daga ƙasashen da ba ka san kowa ba. Ba kai suka tsana ba, na'urori ne ke bin ƙofa-ƙofa suna murɗa hannu. Abin tsoro shi ne ka nemi `Accepted` ka ga shiga daga adireshin da ba ka sani ba ƙarfe uku na dare.

Saba kamar tsohon birni take, ganuwa da ƙofofi, kowane sabis da lambar ƙofarshi, SSH 22, shafin yanar gizo 80 da 443. `sudo ss -tlnp` zai nuna waɗanda ke buɗe. Ganuwar kuma ufw ce, amma don Allah ka bi tsari: `sudo ufw allow OpenSSH` tukuna, sannan `sudo ufw enable`. In ka juya su kana iya kulle kanka a waje, in sabar na Funtua kai kana Katsina to sai ka nemi mota. Haka in za ka taɓa saitin SSH, bar tagar da kake ciki a buɗe ka gwada shiga da sabuwa kafin ka rufe. Sai fail2ban, wanda shi ma log ɗin nan yake karantawa, a yadda yake zuwa duk adireshin da ya kuskure sau 5 cikin minti 10 zai tare shi minti 10. In za ka canza, yi a `jail.local` ba `jail.conf` ba don sabuntawa na iya taka wancan. Ka koma shiga da makullin SSH ka hana root, babban asusun sabar, shiga da kalmar sirri, yawancin hayaniyar za ta zama ta banza.

7. Manhajar da za ta yi maka gadi

Sai yanzu muka zo kan allo mai zane-zane, da gangan na bar shi baya don wanda ya fara da shi ba ya koyon karatun log. In saba ɗaya ce ko biyu, Cockpit ta isa: `sudo apt install cockpit` sai ka buɗe burauza ka sa adireshin da ƙofa 9090, za ka ga furosesa, RAM, diski, sabis da log wuri ɗaya, har taminal. Webmin na ƙofa 10000, tsofaffin hannu na son ta. Netdata a 19999 take, zanenta kamar na asibiti, daƙiƙa-daƙiƙa. In sun kai goma ko fiye to ka fara koyon Zabbix ko Prometheus da Grafana, amma kar ka ɗauko su don saba ɗaya, ɗaukar tirela ne don buhun gero guda. Kuma kar ka buɗe ma duniya waɗannan ƙofofin, ka taƙaita su ga cikin ofis.

Allo ba ya amfani in ba mai kallo, abin da kake so shi ne alat a waya. Uptime Kuma kyauta ce, tana ƙofa 3001, tana leƙa sabarka lokaci-lokaci in ta ji shiru ta turo maka saƙo ta Telegram. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne girka ta a kan sabar da take gadi, to in sabar ta mutu wa zai kawo labari? Sa ta a wata kwamfuta daban, ko tsohuwar laftof ce mai batir. Kuma kar ka sa alat a kan komai, wayar da ke ƙara sau hamsin a rana kwana uku za ka daina dubawa. Ni huɗu nake sawa: ta mutu, diski ya haura 85, sabis mai muhimmanci ya faɗi, kwafin ajiya bai gudana ba. In wannan laftof ɗin na nan, tura mata kwafin log ma, layi ɗaya ne a saitin rsyslog, manhajar da ke rubuta syslog, `*.* @@192.168.1.20:514` da adireshinta a wurin, ita ma ka buɗe mata karɓa a ƙofa 514, don wanda ya shigo da mugunta log yake fara gogewa.

8. In Windows Server ce

Tunanin ɗaya ne, kayan ne daban. Danna Windows da R ka rubuta `eventvwr.msc`. A ƙarƙashin System nemi lamba 41 da 6008, su ne mutuwar fuju'a, 1074 kuma wani ne ko wata manhaja ta kashe da gangan har da sunan wanda ya yi. A Security 4625 shiga ce da ta ci tura, 4624 wadda ta yi nasara. Yi amfani da Filter Current Log ka sa lambar, kar ka yi ta gangarawa da linzami.

9. Kafin ka taɓa komai

Ba a fafe gora ranar tafiya, kwafin ajiya da rsync ko mysqldump a sa shi a cron, mai tada aiki a lokacin da aka tsara mashi, ya riƙa tafiya da dare, kuma wata-wata ka ɗauko ɗaya ka gwada maido shi a VirtualBox, don na ga wurin da aka shekara ana ajiye fayil mai nauyin sifili kowa na barci da daɗi. Kafin ka gyara fayil ɗin saiti yi `cp` ka ajiye na asali, ka canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, in nginx ne ka buga `sudo nginx -t` kafin ka sake tada shi. Sabuntawa da `apt upgrade` kar ka yi ta ranar Juma'a ana shirin tafiya masallaci ko jajibirin jarabawa, ni Talata da yamma nake yi bayan an tashi, ina zaune kusa da ita. In an girka wani abu ba ka san wa ya yi ba `/var/log/apt/history.log` zai faɗa maka rana da umarnin da aka buga.

In kuma dole sai an yi ristat don mutane na tsaye a kanka oga na kira, yi, amma ɗauki daƙiƙa talatin ka buga `journalctl -n 500 > ~/kafin-ristat.txt` ka ƙara da `df -h` da `free -h` a cikin fayil ɗin da `>>`, sannan ka danna. In ƙura ta lafa ka dawo ka zauna da shi da littafinka.